Ƙanƙarar Afrilu ta kulle mu a gida: ga yadda nake haɗa bargon ƙyallayen atamfa, daga yanka har kalmasa

Wallahi garin nan na Miniyapolis a Amurka sai dai addu'a. Ranar Talata muka fita da yara ko jaket ba mu ɗauka ba, ciyawa ta fara kore, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu har ta fito da tukwanen furenta bakin ƙofa, ni kuma da rawar jiki na tattara manyan rigunan sanyi da takalman ƙanƙara na kai ɗakin ƙasa nace sai wata shekara. Juma'a da asuba na ɗaga labule, fari fat. Motar Baban yara ko lambarta ba a gani. Na kira Yaya a Kano ina nuna mata ta waya, ita kuma tana zaune tsakar gida da mafici tana cewa dan Allah in aiko mata ko bokiti ɗaya ne, don kun san Afrilu a Kano ba a magana.

Kuma ba sabon abu bane a nan, mu ne bama jin magana. A tsakiyar Afrilun 2018 an yi wadda ta kwana uku tana zuba, inci 15.8 aka auna, har filin jirgi sai da aka rufe. A farkon Mayun 2013 ma wajen Rochester, wani gari a jihar nan tamu, sun samu sama da inci 10. Ita ta ƙarshen lokaci jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, ɗaga shebur ɗaya sai kaji bayanka ya amsa, tana karya rassan bishiya su faɗo kan wayar wuta. Toh in an rufe makaranta kuma ba inda za a je, ni abin da nake yi shi ne in fito da buhun ƙyallayena, don wannan ɗinkin ba irin na minti talatin bane, yana son 'yan kwanakin da babu biki babu unguwa.

Abin da Turawa ke kira kwilt bargo ne mai hawa uku: na sama wanda aka harhaɗa da ƙyallaye, audugar tsakiya, sai yadin baya, a bi su da ɗinki su zama abu ɗaya. Ranar da maƙwabciyar tawa ta fara nuna min nata na ce mata ai mu ma muna da shi, sai dai dawaki muke sa wa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya ga 'yan lifida, lifidin nan yadi ne aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki, hikimar ɗaya ce. A nan ƙasar ma talakawa ne suka riƙe sana'ar, matan Gee's Bend a jihar Alabama, baƙar fata jikokin bayi, da tsofaffin kayan aikin gona suke haɗa nasu don maganin sanyi, sai a 2002 aka baje su a gidan tarihi a Houston sannan a New York duniya ta ce ashe zane ne. Don haka kar wata ta ce sai ta sayi yadi mai tsada.

Lissafi tukun, kafin almakashi

Zan bada na bargon kan kujera ne, wanda mutum ɗaya zai lulluɓa yana kallo, don shi ya fi dacewa da mai farawa. Ƙyallaye ne masu kusurwa huɗu, inci 5 tsawo inci 5 faɗi. In aka haɗa kowanne zai koma inci 4 da rabi saboda ɗinki ya cinye kwata ta kowane gefe. Ki jera 12 a kwance, layi 14 a tsaye, ƙyalle 168 kenan, bargon zai fito inci 54 da 63.

Yadi ɗaya na auduga mai faɗin inci 42 yana bada ƙyalle 56, kinga yadi 3 ya isa fuskar, amma ki tanadi 3 da rabi saboda kuskure. In kuma ragowar ɗinkinki ne kamar nawa, ki ƙirga kawai har ki kai 168. A shagunan nan ana sayar da yankakku inci 5 a ƙunshi, yawanci 42 a ciki, huɗu sun cika lissafin cif, ga wadda bata son yanka. Yadin baya yadi 3 da rabi. Na bakin bargo rabin yadi da ɗan ƙari. Ni turmin atamfa ɗaya nake warewa, cikin yadi 6 ɗin nan in cire na baya in cire na baki har a rage min na ɗankwali. Audugar tsakiya ki ɗauki ta ƙaramin gado, mai inci 72 da 90, ki rage. Wadda ke gida Najeriya ko Nijar in bata samu ba, siririn bargon da ya tsufa ko zanen gado mai gashi-gashi yana yi, kuma lokacin hunturu zaki gode min.

Sauran kaya: keken ɗinki kowane iri in dai yana ɗinki miƙe, ko Butterfly ɗin ƙafa ne, allura lamba 80 ko 90, zaren auduga ruwan toka don yana ɓacewa cikin kowace kala, ayan, fil mai makulli kamar 200, tef na takarda, da doguwar rula. Akwai wata reza mai taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ana gungura ta jikin rula a kan tabarmar roba, ita ta sauƙaƙa wa mutane wannan aiki, mai faɗin milimita 45 ita ce ta kowa da kowa. Tana da kaifi ba na wasa ba, ki saba rufe ta duk lokacin da kika ajiye ko na daƙiƙa biyu ne, balle ranar da yara ke gida suna zarya. In babu, kwali ki yanka inci 5 ki riƙa zanawa da fensir ki bi da almakashi, zai ɗauki lokaci ne kawai.

Wanki da guga

Nan ne na taɓa yin kuka don haka zan daɗe. Bargona na farko na sa wata jar atamfa da aka bani a biki, ban wanke ba don ina ɗoki, na haɗa da farin yadi, wata uku ina fama. Wankin farko fararen nan duk suka koma ruwan hoda-hoda, har yau yana nan a bayan mota muna shimfiɗa wa yara a wajen wasa. Saboda haka kowane ƙyalle ki wanke shi, masu duhu daban masu haske daban. Wanda kike zargi ki jiƙa shi a farin roba da ruwan ɗumi ki jefa farin ƙyalle ciki, in bayan rabin awa farin ya canza toh ki sake wankewa, in ya ƙi dainawa ki haƙura da shi duk kyansa. Wankin kuma yana fitar da taurin nan na sabuwar atamfa, yana sa yadin ya gama tsukewar da zai yi tun kafin ki ɗinka.

Takardar da ake mannawa jikin atamfa ki ɗora mata ayan mai ɗumi ta baya sai ta ɓare ba tare da ta bar danƙo ba. Bakin atamfa mai rubutu ki yanke shi ki zubar, saƙarsa ta fi tauri, yana jan ɗinki. Kuma dan Allah kar ki haɗa da leshi ko material mai santsi ko mai talewa, auduga da auduga kawai. Shadda tana shiga in an wanke ta ta yi laushi.

Ki goge komai lafiyayye kafin yanka. Yadi mai tamoji in kika yanka inci 5, da kin goge zai zama wani abu daban.

Yanka da jerawa

Ki ninke yadin biyu, ki daidaita gefe ɗaya ya miƙe, ki yanka dogayen tsiri masu faɗin inci 5, sannan ki juya kowane tsiri ki daddatsa inci 5. Hannun hagu ya danne rula sosai, rezar kuma ki tura ta gaba, ba ki jawo ta wajen cikinki ba. Kar ki tara fiye da hawa huɗu.

Jerawar ita ce daɗin aikin kuma a nan ƙanƙara take min rana, don hasken da ke dawowa daga farin nan na waje yana cika falo, kala tana fitowa yadda take, ba kamar ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Ina kafa audugar tsakiyar a bango da tef, ƙyallayen suna mannewa da kansu ba sai da fil ba, in babu bango sai a ƙasa. Atamfa tana da surutu, kowacce so take a ganta, in kika jera su gaba ɗaya ido zai gaji. Abin da nake yi, rabin ƙyallayen atamfa, rabin kuma yadi mara zane, fari ko baƙi ko shuɗi mai duhu, ɗaya bayan ɗaya kamar gidan dara. Da kin gama ki ɗauki hoto da waya ki maida shi baƙi da fari, nan take zaki ga inda masu duhu suka taru waje ɗaya ki raba su. Ni a nan nake sa yara aiki, ƙaramar ce mai miƙo ƙyalle, babban kuma alƙali, duk da rabin hukuncinsa sai na soke bayan ya tafi.

In tsarin ya miki, ki sake ɗaukan hoto ki ajiye, sannan ki tattara kowane layi daga hagu zuwa dama, na farko a sama, ki manna masa lamba 1 zuwa 14. Kar ki ce zaki tuna. Ba zaki tuna ba, za a kira ki kicin.

Kwatan inci

In akwai abu ɗaya da zaki ɗauka a duk rubutun nan toh wannan ne: kowane ɗinki ya zama kwatan inci daga bakin yadi, daga na farko har na ƙarshe. Mu da muka saba ɗinkin riga muna barin rabin inci ko fiye don a buɗe in an yi ƙiba, nan ba haka bane. Ki duba, layi ɗaya yana da mahaɗa 11, in kina wuce kwatan da ɗan abin da bai fi kaurin ashana ba, kowace mahaɗa tana ci ta gefe biyu, kafin ki kai ƙarshen layi kin yi asarar sama da inci guda, sai ki zo haɗa layi da layi kiga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa kina ta ja kina tsaki.

Maganinsa sauƙi. Ki sauke allura a kan layin kwatan inci na rularki a hankali, ki manna tef hawa uku ko huɗu a jikin keken daidai bakin rular, ya zama ɗan tudun da yadi zai riƙa bi. Ki gwada da ƙyalle uku, in kin haɗa kin goge na tsakiyar ya auna inci 4 da rabi daidai. In bai kai ba ki matsar da tef ɗin ki sake. Minti goma ne amma shi ne bargon gaba ɗaya.

Tsawon ɗinki ki sa shi a milimita 2 ko 2 da rabi. Ki kifa ƙyalle na biyu kan na farko fuska da fuska ki ɗinke gefen dama, kar ki yanke zare, ki tura na uku da na huɗu a bayansu, haka haka su fito a jere kamar tutocin biki, sai daga baya ki rarraba. Bibbiyu su zama hurhuɗu, har layi ya cika.

Guga kuma ba irin ta kaya bace da ake gogawa gaba da baya, ɗorawa ake a ɗaga, in kika ja yadin zai miƙe ya karkace. Layi na 1 ki kwantar da duk mahaɗansa dama, na 2 hagu, na 3 dama. Amfaninsa in kin kifa layi kan layi mahaɗan zasu shige juna, zaki ji da yatsa sun zauna daram, ki soka fil a kowacce ki ɗinka. Ki haɗa layukan bibbiyu, sannan rabin sama da rabin ƙasa a ƙarshe, ya fi sauƙin riƙewa da ace kina ƙara ɗaya ɗaya kan abu mai nauyi.

Ni dai a nan ranar farko take ƙarewa, don dole a fita a share gaban gida, dokar birnin nan awa 24 take ba masu gida bayan ta daina zuba su share hanyar masu tafiya a ƙasa, ga kuma sauraron sanarwar gefen titin da za a ajiye mota kar a wayi gari an ja ta. Baban yara da shebur, ni da tukunyar shayi mai citta da kanumfari, daga nan a tuƙa tuwon semo da miyar kuka a kwanta. Wani abu kuma, hita tana busar da iskar gida, yatsu su tsage su riƙa kama zare, ki shafa mai da daddare amma ba lokacin da zaki taɓa yadi ba.

Haɗa hawa ukun

Yadin baya ki raba shi biyu, kowanne wajen inci 62, ki haɗa su ta dogon gefe da ɗinkin rabin inci ki buɗe mahaɗar da ayan. Ana so baya da auduga su fi fuskar da kamar inci 4 ta kowane gefe, don abin yana motsi in ana ɗinki.

Ki share ƙasa mai tauri, ba kan kafet ba. Ki shimfiɗa bayan fuskarsa na kallon ƙasa, ki manne gefunan da tef ya miƙe amma kar ki ja shi kamar ganga. Auduga a kai, ki lallashe ta da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sai fuskar bargon tana kallon sama. Ki fara sa fil daga tsakiya, ɗaya a cibiyar kowane ƙyalle, 168 kenan, kuma da yake a cibiya suke ba zasu tare miki hanyar allura ba. Gwiwa zata yi ciwo, ki sa filo. Ƙaramin cokali yana taimakawa wajen rufe fil ɗin in yatsa ya gaji. Kafin ki tashi ki ɗaga ki leƙa bayan, in akwai tattara ki gyara yanzu don in allura ta bi ta kai shikenan ta zauna.

Akwai wata ƙafar keke mai haƙora a sama, suna ce mata wokin fut, tana jan na sama daidai da yadda haƙoran keken ke jan na ƙasa. In kekenki na karɓa ki saya, ta cancanci kuɗinta. In babu ki sassauta dannawar ƙafar ki tafi a hankali. Ki ƙara tsawon ɗinki zuwa 3, ki cika kwarkwaro huɗu ko biyar ki ajiye.

Ki naɗe rabin bargon kamar tabarma ya shige cikin hannun keken, sauran ki ɗora kan tebur ko kafaɗarki, kar ki bari ya rataya ƙasa don nauyinsa zai riƙa jan allura. Ki fara da mahaɗar tsakiya, ki bi gefenta da faɗin ƙafar keke daga sama har ƙasa, sai ta kusa da ita, har ki kai ƙarshen dama, ki juya bargon ki yi ɗaya rabin. Sannan na kwance. Mutane na son su ɗinka cikin ramin mahaɗar daidai, ni bana ba mai koyo shawarar haka, ko kaɗan kika kauce sai ya nuna, amma a gefe ba mai ganewa. Ki duba ledar audugarki, suna rubuta iya tazarar da za a bari tsakanin ɗinki, inci 4 da rabi ɗin nan yawanci ba matsala. Kar ki tura kar ki ja, hannu biyu a shimfiɗe kawai kina raka shi.

Baki

Ki cire fil, ki datse rarar auduga da baya daidai da fuskar, kusurwoyi huɗu su tsaya cak. Kewayen bargon inci 234 ne, don haka ki yanka tsiri 7 masu faɗin inci 2 da rabi, ki haɗa su su zama igiya ɗaya, mahaɗar a karkace don kar ta yi tudu. Ki ninke ta biyu a tsawonta fuska a waje ki goge.

Ki fara daga tsakiyar gefe ɗaya ba daga kusurwa ba, ta fuskar bargon, yankakken bakin tsirin daidai da yankakken bakin bargon, ki bar jela kamar inci 8 ba ɗinki. Kwatan inci nan ma. In saura kwatan inci ki kai kusurwa ki tsaya ki ɗaure ɗinkin ki fitar. Ki ɗaga tsirin sama ya yi ninki a karkace, ki sake sauko da shi ya kwanta kan gefen da zaki bi, ninkin na sama daidai da bakin bargo, ki ci gaba daga can sama. Karantawa ya fi yi wuya, ki gwada da takarda sau ɗaya zaki gane. In kin zagayo, ki kalmashe bakin jelar farko ciki ki zura ta ƙarshe a cikinta ki ɗinke.

Saura ki juya bakin zuwa baya ya rufe layin ɗinkin ki bi da allurar hannu, ƙanana ƙanana a ɓoye. Wannan nake ajiyewa musamman saboda ɗauke wuta, don irin wannan ƙanƙarar mai nauyi takan jawo, kuma ranar Asabar ɗin nan an ɗauke mana wajen awa biyu, yara suna ta mamaki ni ko a jikina, wanda ya tashi da NEPA. Na ja kujera bakin taga, bargon a cinyata yana ɗumama ni ina kalmasa.

Ki ɗinka ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya ki rubuta shekara da garin da wanda kika yi wa, da biro mara fita. Wankin farko da ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ki jefa takardar da ake sayarwa mai kama rinin da ya zuba a ruwan wanki guda biyu ko da kin wanke yadin a baya. Zai fito ya ɗan tattare ya yi ƙurji-ƙurji, kar ki tsorata audugar ce ta tsuke kaɗan, haka ake so.

Nawa na gama shi daren Litinin. Zuwa lokacin rufin gidaje na ta ɗiga, titi duk ya zama taɓo, tsohuwa ta sake fito da tukwanenta. Ƙaramar ta riga ta kwashe bargon ta kai gadonta wai akwai rigar sallarta ta bara a ciki don haka nata ne, shi kuma babban ya ƙirga ya ce ƙyallen atamfar Hajiya sun fi yawa, a aika mata Kano. Rigunan sanyin dai na bar su nan bakin ƙofa sai Mayu ta raba.